Shin ruwan sama yana saukowa da radiyeshan?

Tambaya: Malam, ɗana da ke karatun kimiyya a jami'a ya hana ni tarar ruwan sama, wai yana saukowa da radiyeshan, musamman ruwan farko. Mu kuwa da shi muke sha muke girki duk damina. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Hajiya, ɗanki bai yi ƙarya ba, amma kada ki kife randarki.

Radiyeshan wani irin haske ne da ido ba ya gani, wanda wasu sinadarai ke fitarwa. Ga biyu daga cikin irin waɗannan sinadarai da ke saukowa da ruwa, kuma duk halittar Allah ne. Na farko daga ƙasa yake tasowa. Duwatsu irin waɗanda suka kewaye mu a nan Bauchi suna da ɗan wani ƙarfe mai suna yuraniyam a ciki, shi ke haifar da wata iska mai suna radon. Idan ta fito, kafin kwana 4 rabinta ya rikiɗe, daga baya ta zama wata irin dalma mai radiyeshan da ake kira dalma-210, ta manne wa ƙura. Na biyu, wani sinadari mai suna beriliyam-7, can ƙololuwar sama yake samuwa, inda haskoki masu ƙarfi daga sararin samaniya ke dukan iska. Shi kuma cikin kwana 53 rabinsa ke ƙarewa.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, busasshiyar ƙasa ta fi sakin radon, ga hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, babu kuma ruwan da zai wanke iska. Sai abin ya yi ta taruwa, yana sauka sannu a hankali tare da ƙurar da kike gogewa a kan madubi. Ranar da hadari ya zubar da ruwan farko, ya yi wa sama wanka. Shi ya sa kofin ruwan farko ya fi kofin ruwan Agusta ɗaukar waɗannan abubuwa, ko da yake a jimlace watannin marka sun fi saukar da su.

Adadin dai kaɗan ne ƙwarai, bai kai abin tsoro ba, da shi kakanninmu suka rayu. Abin da ya fi damuna kashin tsuntsaye da na ƙadangare ne, da tsatsar kwanon rufi. Mahaifiyata ba ta taɓa kai durom ƙarƙashin indararo ba sai ruwa na biyu ko na uku, idan ta ga jan ruwan ya washe. Ki yi haka, ki rufe durom ɗin, ruwan sha kuma ki tafasa.

Ki ce da ɗanki ya riƙa buɗe tagogi da rana ko da sanyi, don radon a ɗakin da aka toshe take taruwa, kuma shaƙarta ce ke taɓa huhu.