Ga ɗan'uwan da ake kira "Moyes" a filin atisaye

Ɗan'uwa, ka ce an damƙa maka ƙungiya bayan tsohon kocinku da ya daɗe ya ajiye usur, manyan 'yan wasa ba sa jin maganarka, 'yan kallo kuma sun laƙaba maka "Moyes". Kana so ka san wane ne mutumin, da abin da ya kayar da shi a Manchester United. Wallahi ciwon nan ba baƙo ba ne a wurina, duk wanda ya taɓa tsayawa a gurbin wani babba ya san ɗacinsa. Sannan ga ciwon kakar 2013/14 da har yau bai sake mu ba, mu magoya bayan United.

Masu kiranka da sunan ba su san mutumin ba. David Moyes ɗan Glasgow ne, an haife shi a 1963, ɗan wasan baya ne na tsakiya. A Celtic ya fara, yana cikin waɗanda suka ci gasar Scotland a 1981/82, amma bai samu gurbi na dindindin ba. Daga nan sai ƙananan ƙungiyoyi: Cambridge United, Bristol City, Shrewsbury, Dunfermline, Hamilton, sai Preston North End a 1993. Ya buga wasannin lig sama da 500, bai taɓa sa rigar babbar tawagar ƙasarsa ba. Tun yana ɗan shekara 22 ya fara kwas na koyar da ƙwallo alhali yana tsakiyar wasa. Kai ma in ba ka da lasisin koci na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, ko da na matakin farko ne, ka nema, yana rufe bakin mutane da yawa.

A Janairun 1998 aka ba shi Preston tana gab da faɗuwa. Ya tsirar da ita, ya ci gasar rukuni na uku a 2000, a 2001 saura wasa ɗaya su shiga Firimiya Bolton ta doke su 3-0. A Maris 2002 Everton ta ɗauke shi. Ka duba yadda yake cefane da kuɗi kaɗan: Tim Cahill daga Millwall fam miliyan 1.5, Seamus Coleman daga Sligo Rovers fam 60,000 kacal. Namu Joseph Yobo shi ne ɗan wasan farko da ya kawo, aro daga Marseille, sai Yakubu Aiyegbeni a 2007 wanda ya ci ƙwallo 21 a kakarsa ta farko. A 2003/04 sun ƙare na 17, aka sayar da Rooney, kowa ya ce sun mutu, kaka mai zuwa suka ƙare na huɗu. Shekara 11 ba kofi, gaskiya ne, wasan ƙarshe na kofin FA a 2009 ma Chelsea ce ta cinye 2-1. Amma Everton ta yi haƙuri da shi ranar da yake na 17, kuma irin aikinsa sai da lokaci yake nuna kansa.

To, sai United. An sanar da shi ranar 9 ga Mayun 2013, kwantiragin shekara shida, don ya gaji tsohon koci Sir Alex Ferguson da ya yi shekara 26 ya ci Firimiya sau 13. Kuskuren da ya fi kowanne, kuma shi nake tsoron ka maimaita: yana shiga mataimakan Ferguson suka fita. Mike Phelan, René Meulensteen da Eric Steele mai horar da masu tsaron raga duk suka tafi, ya kawo nasa daga Everton, su Steve Round, Jimmy Lumsden da Chris Woods. Mutanen da suka san wane ɗan wasa ake lallaɓawa, wane ake yi wa tsawa, wane gwiwarsa ba ta ɗaukar atisaye kwana biyu a jere, duk sun bar gidan a lokaci guda. Baƙo ne ya shiga gidan gandu ya sallami waɗanda suka san inda makullan rumbu suke. Don haka in mataimakin tsohon kocinku yana nan, ka riƙe shi aƙalla kaka guda ko da jininku bai haɗu ba. Ka bar masa ɗumama jiki da atisayen masu tsaron baya, kai ka riƙe zaɓen 'yan wasa 11 da canji.

Amma laifin ba nasa kaɗai ba ne, nan ne raina yake ɓaci. David Gill, shugaban gudanarwa, ya sauka tare da Ferguson, Ed Woodward ya hau. Sabon koci da sabon mai cefane a kasuwa ɗaya! Aka yi ta bin Fàbregas har lokaci ya ƙure. Cinikin Ander Herrera ya watse a ranar ƙarshe. Marouane Fellaini na Everton kuwa akwai sharaɗi a kwantiraginsa cewa fam miliyan 23.5 ya isa a ɗauke shi kafin ƙarshen Yuli. Aka bari wa'adin ya wuce, aka saye shi fam miliyan 27.5 a daren rufe kasuwa. Scholes ya yi ritaya, Giggs na dab da 40, Ferdinand, Vidić, Evra da Carrick duk sun haura 30. Tazarar maki 11 da aka ci gasar da ita a kakar Ferguson ta ƙarshe ta rufe wa kowa ido. Kai ka zauna da masu ƙungiyarku tun yanzu, a rubuta a takarda: wa ke neman 'yan wasa, wa ke biyan kuɗin rajista da na mota, ranar nawa ga wata za a gama. Ka ba su gurabe uku da kake buƙata, kowane gurbi da suna biyu, don in na farko ya kuɓuce ba a tsaya ana kallon juna ba.

Abin da ya biyo baya ko tunawa ba na so. Manchester City ta yi mana 4-1 a Satumba. West Brom ta zo Old Trafford ta ci, rabonta da haka tun 1978. A Disamba Everton ta ci 1-0, kwana uku bayan nan Newcastle ta ci 1-0, ita rabonta tun 1972. Swansea ta fitar da mu daga kofin FA a gida. Sunderland ta fitar da mu a kusa da na ƙarshe na kofin lig da bugun fenareti, cikin bugu biyar ɗaya tak muka ci. Sai ranar 9 ga Fabrairun 2014 da Fulham, wadda ke can ƙasan teburi. Kurosin 81, wato ƙwallon da ake bugowa daga gefe zuwa gaban raga, aka bugo, 18 kawai suka samu ɗan United, Dan Burn dogon nan yana ta fitar da su da kai kamar don shi ake bugowa. Darren Bent ya farke a ƙarin lokaci, aka tashi 2-2. Ka san wa ke zaune a bencin Fulham ran nan? Meulensteen ɗin da aka bari ya tafi. Ga Juan Mata da aka saya fam miliyan 37.1 a Janairu, mai wasan ƙasa ta tsakiya, an tura shi gefe. A Maris Liverpool 3-0, City 3-0, duka a gida, har jirgi aka yi haya ya ja ƙyalle a sama ana neman a kore shi. Ranar 20 ga Afrilu Everton ta sake doke mu, 2-0, ranar 22 aka sallame shi, wata goma cikin shekara shida.

Daga wasan Fulham ka ɗauki wannan: in dabara ta gaza minti 20 a jere, canja ta. Idan masu tsaron bayansu sun fi naka tsawo, a daina ɗaga ƙwallo sama. Ɗan gefe ya kai ta layin ƙarshe ya mayar da ita baya a ƙasa zuwa wajen ɗigon fenareti, ɗan tsakiya ɗaya ya shigo a makare. A yi wannan a atisaye, minti 15 sau biyu a mako, kafin ranar da za a buƙace shi.

Sai harshe. Kafin wasan Liverpool ya nuna cewa su ne ake sa ran za su ci, bayan na City kuma ya ce matakinsu ne United ke burin kaiwa. Ko da gaskiya ce, 'yan wasan da suka ɗaga kofi wata goma da suka wuce ba za su yafe ba. A Sunderland ma, inda ya zama koci a 2016, tun a watan Agusta ya ce faɗan tsira za su yi, kuma suka faɗi da maki 24. Kada ka taɓa faɗa a gaban jama'a cewa yaranka ba su kai ba. Kada kuma ka riƙa cewa "a tsohuwar ƙungiyata haka muke yi". Manyan nan da ke maka taurin kai, kira su ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban yara ba, ka fara da kyaftin. Tambaye shi abin da tsohon koci yake yi da ba ya so a taɓa, ka bar biyu daga ciki yadda suke. Wanda za ka ajiye a benci, faɗa masa da bakinka kwana ɗaya kafin wasa. Nauyin atisaye ma kada ka ninka shi a makon farko, tsofaffin ƙafafu tsokar cinya suke fara ja, sai ka rasa su wata guda kuma a ce kai ka karya su.

In sun sake kiranka Moyes, ka tuna musu sauran labarin. Ya je Real Sociedad a Sifaniya, har ya doke Barcelona 1-0 a Janairun 2015, aka kore shi bayan shekara guda. West Ham ta kira shi a 2017 ya tsirar da ita, ta ƙi sabunta masa, ta sake dawowa neman sa a Disambar 2019. Ya kai su na shida a 2021, sannan ranar 7 ga Yunin 2023 a Prague, a wasan ƙarshe na gasar Turai ta Europa Conference League, suka doke Fiorentina 2-1 da ƙwallon Jarrod Bowen a minti na 90, babban kofinsu na farko tun 1980, shi kuma yana da shekara 60. A Janairun 2025 Everton ta mayar da shi.

Allah ya dafa maka. Ka sanar da mu ko mataimakin tsohon kocin yana nan, da shekarun manyan nan da ke ba ka wahala, domin in sun haura 30 shawarar wata ce daban.