Tambaya da Amsa: Man lafanda ko turaren wuta, wanne ke kawo barci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, kuma kusan wata uku ke nan barci yana yi mini wuya. Sai in kwanta jiki a gajiye, amma zuciya tana ta saƙe-saƙe har tsakar dare. Wata abokiyar aikina ta ba ni 'yar kwalbar man lafanda, ta ce in riƙa shafawa kafin in kwanta. Shin da gaske yana aiki, kuma ya fi turaren wutar da muka saba da shi? Ina da ɗa mai shekara huɗu da ke fama da asma. Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yaro lafiya, ya kuma kawo miki sauƙi. Ƙamshi yana taimakawa wajen kwantar da hankali, kuma akwai dalilin hakan a halittar ɗan Adam, domin jijiyar da ke ɗauko shi daga hanci tana isa ga sassan ƙwaƙwalwar da ke kula da tunawa da motsin rai ba tare da dogon zagaye ba. Shi ya sa mace za ta shiga gidan biki, ƙamshin kajiji ya buge ta, nan take ɗakin kakarta ya faɗo mata a rai har da gadon ƙarfe da jeren kwalla. Binciken yadda hanci ke rarrabe ƙamshi shi ne ya jawo wa Linda Buck da Richard Axel lambar yabo ta Nobel a 2004.

Lafanda tsiro ne mai shuɗin fure da ake nomawa sosai a yankin Furobans na kudancin Faransa, ana kuma fitar da mansa ne ta hanyar turara furen da tururin ruwa. Wani masanin haɗa sinadarai na ƙasar, René-Maurice Gattefossé, shi ne ya yayata jinya da irin waɗannan mayuka a littafin da ya fitar a 1937. Abin da gwaje-gwaje suka nuna shi ne taimakonsa ga barci da rage fargaba matsakaici ne, wasu su ji daɗinsa, wasu kuma ko gezau. A ganina, mafi yawan amfaninsa yana cikin sabo: idan kika riƙe ƙamshi ɗaya kullum a lokacin kwanciya, bayan kin ajiye waya kin rage haske, a hankali jiki zai gane cewa lokacin hutawa ya yi.

Kada ki shafa shi tsagwaronsa a fata, domin mai ne mai ƙarfi da kan jawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Ki zuba ɗigo biyu a ƙaramin cokali ɗaya na man kwakwa ko na zaitun, ki fara gwadawa a cikin damtse, ki jira kwana guda ki gani. Hanya mafi sauƙi ma ita ce ɗigo biyu a kan auduga, a ajiye kusa da matashi. Ba a shan sa, ko da mai sayarwa ya rantse.

Game da turaren wuta kuwa, ban ga abin da ƙamshinsa ya gaza na Turawa da shi ba. Duk wanda ya ga yadda matan Maiduguri ke soya itacen sandal da hawi da sukari, su zuba farce da madarar turare, su rufe a kwalba ya tsumu, ya san ba ƙaramin ilimi ne a wurin ba. Matsalarsa hayaƙi ne, kuma nan ne batun ɗanki ya shigo, domin hayaƙin turare yana cikin abubuwan da ke tayar da asma. Garwashin kansa ma yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma haɗarinta ya fi yawa a lokacin hunturu, sa'ad da ake kulle ƙofa da taga a kwanta da kasko a ɗaki. Idan ba za ki iya rabuwa da shi ba, ki turara zanin gadonki da kayan barcinki a kan kabbasa a tsakar gida tun da la'asar, lokacin da yaron ba ya kusa, ki bar su su sha iska kafin a shigar da su.

Shi ma man lafandan ba a ba shi cikakkiyar amana a gaban mai asma, saboda ƙamshi mai ƙarfi kowane iri yana iya sa ƙirji ya riƙe. Idan ɗaki ɗaya kuke kwana, ki lura da numfashinsa a daren farko, da zarar kin ji tari ko shaƙewa ki fitar da audugar. Man na'a-na'a kuma kada ya kusanci fuskar ƙaramin yaro ko kaɗan, kwalbar ma ki ɓoye ta inda hannunsa ba zai kai ba, don yara kan ɗauka abin sha ne.

Rashin barcin da ya kai wata uku ya wuce a bar shi ga kwalbar turare kaɗai. Ki je asibiti a auna jininki, ki kuma gaya wa likita abin da ke hana zuciyar taki kwanciya, da yawan shayin da kike sha bayan magariba.