Ko haramcin zubar da ciki na hana zina? Ga abin da na gani a ɗakin haihuwa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun daren jiya, inda ka ce idan gwamnati ta halatta zubar da ciki ba za a buɗe wa matasa ƙofar zina ba, kuma shin ba tsoron dokar da ke akwai ne ke riƙe da yaranmu ba. Na karanta amsoshin da aka ba ka. Yawancinsu daga maza suka fito, kuma da alama babu wanda ya taɓa kwana a ɗakin haihuwa a cikinsu. Ni ungozoma ce, na yi shekara 28 ina aiki a asibitocin gwamnati a nan cikin Sakkwato da ƙauyukanta kafin in yi ritaya. Ka yi haƙuri da tsawon rubutun.

Kada wani ya yi mini mummunar fahimta. Ni Musulma ce, a mazhabar Malikiyya aka rene ni, kuma a mazhabarmu magana mafi rinjaye ita ce da zarar ciki ya shiga ba a taɓa shi, ko bai kai kwana 40 ba. Wasu daga cikin malaman Hanafiyya sun sassauta kafin kwana 120 idan akwai uzuri, suna dogaro da hadisin Ibn Mas'ud da ya yi bayanin matakan halitta har zuwa busa rai. Inda duk aka haɗu shi ne idan ran uwa na cikin haɗari, a ceci uwa. A kan wannan na yi aikina, kuma ban taɓa sa hannu an zubar da lafiyayyen ciki ba. To amma ba halacci ko haramci ka tambaya ba. Ka tambaya ne ko doka na canza abin da mutane ke yi a ɓoye, kuma a nan gani ya kori ji.

Dokar dai tana nan daram. A Arewa, dokar Final Kod da muka gada tun 1960 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 14 ga wanda ya zubar da ciki, sai fa idan don ceton ran matar ne. A Kudu ma haka, shekara 14 ga mai yi, 7 ga matar. Mu a Sakkwato an ƙara da dokar shari'a tun shekarar 2000. Duk da wannan, binciken da cibiyar Guttmacher, mai nazarin lafiyar haihuwa a Amurka, ta yi tare da masana na cikin gida ya ƙiyasta cewa a shekarar 2012 kaɗai an zubar da ciki kusan miliyan 1.25 a Najeriya. Doka na aljihun alƙali, abin kuma bai fasa ba.

A duk shekarun da na yi, ban taɓa jin yarinya ko ɗaya ta ce mini ta san sashen dokar da ya hana ba, balle ta ce ta tuna da shi a daren da abin ya faru. Abin da ke bakinsu shi ne "Baba zai kashe ni", "Inna za ta mutu da baƙin ciki", "wa zai aure ni". Wadda ta kame kanta, tsoron Allah da tarbiyyar gida da kunyar dangi ne suka riƙe ta. Wadda ta faɗa kuwa, saurayi ya ce mata sau ɗaya ba ya sa ciki, ko ya yi mata rantsuwar zai turo magabatansa bayan Sallah, ko kuma tana talla wani babban mutum sa'an ubanta ya saye farantin duka ya ce ta shigo zaure ta karɓi kuɗi. Da yawansu ba su ma san yadda ciki ke shiga ba. Na taɓa samun wadda cikinta ya kai wata biyar tana shan maganin shawara.

Akwai daren da har yau ban manta ba. Lokacin sanyi ne, ina aikin dare, wajen ƙarfe biyu aka shigo da yarinya a Keke Napep, an naɗe ta da bargo. Ba ta wuce shekara 17 ba. Uwarta ta ce zazzaɓi ne, kwana uku ke nan. Ina ɗaga bargon warin ya buge ni, na san ba zazzaɓin sauro ba ne. Jikinta zafi rau, leɓɓanta sun bushe sun yi fari, tafin hannunta kamar takarda. Na ja uwar gefe, na ce mata, "Hajiya, don Allah ki gaya mini gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ta kama hannuna ta matse, ta ce da murya ƙasa ƙasa, "Malama, ki rufa mini asiri, ubanta bai sani ba. In na faɗi, 'yan sanda za ku kira?"

Wannan tambayar tata ita ce amsar da zan ba ka. An kai yarinyar bayan wani kemis, wani wanda bai taɓa shiga makarantar koyon aikin jinya ba ya yi mata aika-aika, ya karɓi kuɗinsa. Tun daren farko take zubar da jini. Kwana uku suna ɓoye ta a ɗaki suna ba ta jiƙo, saboda tsoron kada asibiti ya miƙa su ga hukuma. Da sun kawo ta ranar farko, wankin ciki ne da allurai, ta koma gida. Da suka kawo ta a rana ta uku, mahaifa ta riga ta huje ta ruɓe. Yayyenta biyu suka ba da jini ba tare da sun san dalili ba. Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, aka ceci ranta, amma sai da aka cire mahaifar. Yarinya ko auren fari ba ta yi ba. Shi kuwa wanda ya yi cikin, ban ga ƙeyarsa ba, ko ledar ruwa bai aiko ba.

Dokar ba ta hana wannan yarinya yin kuskure ba, ba ta hana mai kemis ɗin aikinsa ba. Wurin da ta yi aiki kawai shi ne tsakanin gidansu da ƙofar asibiti, inda ta tsayar da su kwana uku. Kuma abin takaicin, tsoron banza ne. Kula da matar da ta zo da jini bayan ɓari, ko na Allah ne ko na ganganci, aiki ne halattacce da ake koya mana, ana kuma yin sa a asibitocin gwamnati. Mu ba 'yan sanda ba ne. Amma wa ya gaya wa uwar?

Sannan ka lura da wanda nauyin ke sauka a kansa. Duk ɗan Sakkwato da ya yi wayo a lokacin ya tuna shari'ar Safiya Husaini ta Tungar Tudu, wadda kotun Gwadabawa ta yanke wa hukuncin jifa a 2001, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta sallame ta a watan Maris na 2002. Ciki ne ya zama shaida a kanta. Namijin da ta ambata ya musanta, aka sake shi saboda babu shaidu. Ba hukuncin Allah nake ja da shi ba, Allah Ya tsare ni. Abin da nake nuna maka shi ne ciki a jikin mace yake fitowa. Idan har tsoron ciki zai hana wani, to macen zai hana, alhali a mafi yawan labaran da na ji, namijin ne ke matsawa, shi ke da kuɗi, shi ke da baki, shi kuma ya san ba abin da zai same shi. Ka tsananta dokar zubar da ciki yadda ka ga dama, shi bai ji a jikinsa ba.

Don adalci, maganarka ba ta rasa tushe gaba ɗaya ba. A wani taron bita da aka yi mana an kawo misalin Amurka, inda wasu jihohi suka halatta abin a wajen 1970, sannan kotun ƙoli ta halatta shi a ƙasar baki ɗaya a 1973, kafin ta janye hukuncin a 2022. Wasu masana tattalin arziki biyu sun fitar da bincike a 2003 da ya nuna ciwon sanyi da tunjere sun ƙaru bayan halattawar, abin da suka fassara da cewa mutane sun rage taka tsantsan. Na yarda hakan na iya faruwa, ɗan Adam idan ya ga hanyar fita yakan saki jiki. Sai dai lokacin ne kuma ƙwayar hana ɗaukar ciki ta bazu a can, al'adunsu na aure suka juye, ga shi dama ba su ɗauki zina abin kunya kamar mu ba. A wurinmu ko yau aka halatta, yarinyar Mabera ko Runjin Sambo ba za ta shiga layi a asibiti inda ƙawar innarta ke aiki ta ce ta zo zubar da cikin shege ba.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Romaniya. A 1966 shugabansu Chawshesku ya haramta zubar da ciki don yawan jama'a ya ƙaru, har ana bin mata wuraren aiki ana duba su. Shekarar da ta biyo baya haihuwa ta kusa ninkawa, daga nan ta fara sauka, saboda mata sun gano hanyoyin bayan fage. Mutuwar mata masu ciki ta zama mafi yawa a Turai, an ƙiyasta mata kusan 10,000 ne suka mutu ta wannan hanya kafin a soke dokar a ƙarshen 1989, gidajen marayu kuma suka cika maƙil. Wani babban bincike da aka wallafa a 2016 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya ya sami mata 37 cikin 1,000 na zubar da ciki a shekara a ƙasashen da suka hana, 34 kuma a ƙasashen da suka bari. Kusan kunnen doki. Bambancin yana wurin yawan gawa. Ga Tunisiya, ƙasar Musulmi 'yan Malikiyya irinmu, ta halatta a watanni ukun farko tun 1973, Turkiyya kuma tun 1983 har zuwa mako 10. Ba cewa nake mu kwaikwaye su ba, ina nuna maka ne cewa duniyar Musulmi ma ba bakinta ɗaya ba a kan yadda hukuma za ta riƙe lamarin.

Yanzu ga abin da zai ba ka mamaki, wanda ko ɗaya daga cikin masu amsa maka bai taɓo ba. Da yawa daga cikin matan da na karɓa da irin wannan matsala matan aure ne, da igiyoyinsu uku. Babu zancen zina ko kaɗan. Mace ce ta haihu takwas ko tara, goyonta bai fi wata biyar ba sai ga wani ciki. Kwanika ke nan, kuma ka san yadda ake yi da mai kwanika a gidajenmu: kishiya na habaici, uwar miji na harara, a gidan suna ana nuna ta da baki, kamar ita kaɗai ta yi wa kanta cikin. Ga jini ya yi ƙasa, ga miji babu abin hannu. Sai ta aika a sayo mata wani haɗi a kasuwa ta sha a ɓoye. Wace doka ce za ta canza halin wannan baiwar Allah? Me za ta ce wa mijinta da dare? Jiharmu na cikin jihohin da suka fi ƙarancin amfani da hanyoyin tazarar haihuwa a ƙasar nan, alhali sahabbai sun yi azalu, wato zubar da maniyyi a waje don gudun ciki, a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a kuma hana su ba. Nan ne nake ganin gyaran yake, fiye da majalisa.

Idan ka ce in faɗi ra'ayina ƙarara, ban nemi a buɗe ƙofa kowa ya yi yadda ya so ba, zuciyata ba ta karɓi hakan ba. Amma ina so malamanmu da likitocinmu su zauna su dubi yarinya 'yar shekara 12 da aka yi wa fyaɗe, da matan da 'yan bindiga suka sace a gabashin jihar nan suka dawo da ciki, su ba mu magana ɗaya da ma'aikaciyar jinya za ta riƙe ba tare da fargaba ba. Ina so a riƙa kama masu yi wa yara aika-aika a bayan shago, a kuma riƙa neman namijin da ya yi cikin kamar yadda ake tsare yarinyar. Ina so a faɗa a rediyo da kan mumbari cewa duk macen da ke zubar da jini a kawo ta asibiti a daren, ba za a tambaye ta takardar aure ba.

Mu ma ma'aikata muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Na sha jin abokiyar aiki na yi wa yarinya tsawa tana kan gado cikin jini, "lokacin da kike jin daɗinki da mu kika yi shawara?" Ni kaina a farkon aikina na taɓa faɗin makamanciyar wannan, kuma har yau ina neman gafarar Allah a kai. Yarinyar da ta ji haka za ta koma unguwa ta gaya wa ƙawayenta, ta gaba kuma ba za ta zo ba sai an ɗauko ta ranga-ranga.

Ita waccan ta daren sanyi, na sake ganin uwarta bayan wasu shekaru a wani gidan biki a cikin gari. Ita ta gane ni, ta jawo ni bayan rumfa muka gaisa. Na tambaye ta yarinyar. Ta ce an yi mata aure, shekara huɗu ke nan, dangin miji sun fara maganar haihuwa, ana ta kai ta wurin masu magani. Har yau mijin bai san ba ta da mahaifa ba, uban ma bai sani ba. Ta tambaye ni ko akwai wata allura da za a yi mata. Na ce mata babu, Hajiya. Ta gyara mayafinta, ta yi mini godiya, ta koma cikin mata.