Amsa ga 'yar'uwa mai son zuwa Kebek da gonar zumar maple

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin ce za ki kai wa ɗiyarki ziyara a Montiriyal ta ƙasar Kanada, kina so ku leƙa tsohon birnin Kebek kuma ku ga inda ake yin zumar maple, wato zumar da ake samu daga ruwan bishiyar maple, wane lokaci ya fi dacewa kuma yaya abinci yake.

To in dai maple ɗin ne a ranki, ki saita tafiyar tsakanin tsakiyar Maris da farkon Afrilu. Bishiyar ba ta ba da ruwa sai in dare ya yi sanyin da ruwa ke daskarewa sannan rana ta ɗan sassauta, 'yan makonni ne kawai a shekara. Akwai gonakin da ke buɗewa duk shekara saboda baƙi amma a lokacin zafi kayan aiki kawai za a nuna muku, babu tururi babu ƙamshi.

Mutanen Kebek suna kiran wurin cabane à sucre, akwai su a tsibirin Orléans dab da birnin. Ana huda jikin bishiya a sa ɗan bututu, wasu har yanzu bokiti suke ratayawa, manyan gonaki kuwa tiyo ne shuɗi ya zagaye dajin gaba ɗaya har ɗakin dahuwa. Ruwan fari tas yake, da kyar za ki ji zaƙi in kin ɗanɗana, sai an tafasa kusan lita 40 kafin a samu lita 1, in kin taɓa ganin yadda ake dafa ruwan rake a yi mazarƙwaila to kusan haka ne. Lardin Kebek shi kaɗai ke fitar da kusan kashi 70 cikin 100 na zumar maple ta duniya. Kada ku bari a wuce ku a wadda ake zubawa da zafinta a kan dusar ƙanƙara mai tsabta a naɗe da ɗan tsinke, ni dai ita ta fi min komai a wurin.

Maganar abinci kuwa don Allah ki kula sosai. Abincin gargajiyar wurin kusan duk da alade a ciki, miyar wake da naman alade, waken da aka gasa da kitsensa, har da fatarsa soyayya, wani lokaci ma ƙwai a cikin man aladen ake soya shi. Ɗiyarki ta buga waya tun kafin ranar ta tambaya ko suna da abincin marasa cin nama, wasu na yi amma sai an sanar da su. Mu da muka je da ƙoshinmu muka tafi, muka biya na zagayawa da ɗanɗano kawai, hankali kwance.

Birnin kansa daga Montiriyal awa 3 ne da ɗan wani abu a jirgin ƙasa ko bas. Wani Bafaranshe mai suna Samuel de Champlain ne ya kafa shi a 1608, ganuwarsa na nan har yanzu da ƙofofinta, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1985. Ku fara daga sama wajen otal ɗin Château Frontenac ku kalli kogin Saint-Laurent, sai ku gangara unguwar Petit-Champlain, amma dawowa ku hau ɗan lif ɗin da ke hawa tudun da mutane saboda matakalar na cin gwiwa. Filin Abraham inda Turawan Ingila suka ci Faransawa da yaƙi a 1759 yana kusa, sai dai iska a lokacin ba sauƙi. Ni na fi ba ki shawarar jirgin ruwan da ke tsallakawa zuwa garin Lévis a ƙetaren kogin, kuɗinsa kaɗan ne kuma daga nan ake ganin birnin sosai.

Faransanci ake yi, 'yan'uwanmu na Nijar ba su da matsala, amma a wuraren baƙi suna jin Turanci. Akwai babban masallaci a unguwar Sainte-Foy in Juma'a ta same ku. Ki nemi takalmin da ruwa ba ya shiga, gonakin caɓi ne a lokacin. Allah ya kai ku lafiya.