Likita bai ko taɓa gwiwar Mama ba: wariya ce?

Tambaya: Likita, ina zaune a Bronx da ke New York. Ciwon gwiwa ya hana mahaifiyata sakat, sallah ma sai a kan kujera. Mun je wurin likitan ƙashi, ko taɓa ƙafar bai yi ba, ya ce ta rage ƙiba ta ci gaba da shan magani. Maƙwabciyarmu farar fata mai irin ciwon tuni aka yi mata tiyatar canjin gwiwa. Wariya ce, ko zargi ne kawai nake yi?

Amsa: Allah Ya ba Mama lafiya. Ba zan yanke wa likitan hukunci ban ji ta bakinsa ba, kuma rage ƙiba na taimakawa. Amma a sallami mai ciwon gwiwa ba a lanƙwasa ƙafar ba, ba a yi mata hoto tana tsaye ba, wannan ba duba ba ne. Zarginki kuma yana da tushe. Wani bincike a Atlanta a 2000 ya gano cewa cikin masu karaya da suka je sashen gaggawa, kashi 74 cikin ɗari na farare sun samu maganin raɗaɗi, baƙaƙe kuwa kashi 57. Canjin gwiwa ma an daɗe da sanin baƙaƙe na samunsa ƙasa da farare, ko da inshorarsu ta Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka don tsofaffi, ɗaya ce.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙaryar nan cewa baƙar fata ya fi jure ciwo. Tun zamanin bauta likitoci irin su Samuel Cartwright suka shuka ta, har yau ba ta mutu ba. A 2016 Jami'ar Virginia ta tambayi fararen ɗaliban likitanci da sabbin likitoci 222, kusan rabinsu sun yarda da aƙalla tatsuniya ɗaya irin ta "fatar baƙi ta fi kauri". Waɗanda suka yarda kuwa su ne suka fi raina ciwon baƙar fata.

Abin takaici, mu ma mun karɓe ta muna alfahari. Kullum ina jin "mu ai ƙashinmu ƙwari gare shi". Guringuntsin da ya cinye bai san launi ba, 'yar'uwa. Tsohuwa ta kwana ba barci, ta hau bene da rarrafe, amma likita na cewa ta kwatanta ciwon daga 1 zuwa 10 sai ta yi murmushi ta ce "da sauƙi, alhamdulillah". Shi kuma ya rubuta 3. Kunya da kawaici ado ne a gida, a ɗakin likita kuwa suna jawo a sallame ka da ƙwaya. Sai a koma ga masu tallar man shafawa a WhatsApp, ko a jira tafiya gida wurin mai ɗori, alhali ba karaya ba ce. Shekaru na tafiya, ƙafa na karkacewa, naman cinya na tsotsewa, tiyatar ma ta ƙara wuya. Godiya ga Allah ba ta hana faɗin gaskiyar ciwo.

Ki nemi ganin wani likitan ƙashin. Ki rubuto abin da Mama ta daina iyawa: ruku'u, hawa bene, barci. Ki nemi hoto a tsaye, in an ƙi, ki ce a rubuta dalili a fayil ɗinta. Tafinta haƙƙinta ne kyauta, kada ki bar jika yana fassara. In kin ga wulaƙanci ƙarara, dokar kare haƙƙin jama'a ta Amurka ta 1964 ta haramta wariya a asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kuma ana kai ƙara ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar lafiya cikin kwana 180.