Sola a ƙauye: abin da na gani a garinmu

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko wutar sola da wani kamfani ke son kafawa a garinku za ta amfani masu sana'a, ko kuwa iyakarta kunna ƙwan fitila. Mu shekara huɗu ke nan muna kanta, ni kuma injin markaɗe nake da shi da firiza biyu.

Ban san darajarta sosai ba sai da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Masu markaɗe a ƙauyukan da ke kewaye da mu da yawa suka rufe, mata suka riƙa aiko yara da bokitan wake da gero har wurina. A azumin bazara kuwa, ƙanƙarar da a da sai an ɗauko ta a babur daga cikin birni, rabinta ya narke a hanya, yanzu a nan muke yinta. Matan aure masu zoɓo da kunun aya suna biyana su ajiye kayansu a firiza. Mai walda ma ya dawo gida daga birni.

Amma fa ba kowa ya ji daɗi ba. Yaron da ke cajin waya da janareto kasuwarsa ta mutu murus, 'yan bumburutu ciniki ya ja baya, mai gyaran janareto ya koma gyaran babur.

Inda na sha wuya shi ne injina. Na fetur ne, sai da na sayar da tumaki biyu na sayi mota, wato na'urar da ke juya injin, mai amfani da lantarki. Da na kunna ta da magariba, wutar unguwa gaba ɗaya ta ɗauke, don lokacin batir ake sha, ba rana ba. Dole na mayar da aikina tsakanin hantsi da la'asar. Lokacin hazo da ƙura ke rufe faifan sola, da cikin Agusta in hadari ya kwana biyu, ƙarfinta raguwa yake. Kuɗin yunit ɗin kuma ya fi na NEPA tsada, sai dai ya fi fetur sauƙi nesa ba kusa ba.

Don haka kafin mai gari ya sa hannu, ku tara masu injina da teloli da masu walda, a ƙirga abin da kowa zai ja, a tambayi kamfanin ko wutar za ta ɗauka. Dokar NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta tanadi yarjejeniya tsakanin kamfani da al'umma, to ku sa a rubuta farashi a ciki, da wanda zai canza batir in ya gaji. Mu ba mu rubuta wannan na ƙarshen ba, namu ya fara rauni tun bara, har yau ana ta kai ruwa rana.