Amsa ga Hajiya kan kuɗin jami'a a Amurka da yadda suke auna buƙatar ɗalibi

Wa'alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki tun jiya da daddare, cewa ɗanki ya ga wata jami'a a Amurka ta rubuta dala dubu 85 a shekara, kina son sanin ina suka samo wannan adadi, kuma da me suke gane wanda ya cancanci tallafi. Na bi wannan hanya da 'yata a ƙarshen 2023, to bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

Wannan kuɗin da ya tayar miki da hankali ba na karatu kaɗai ba ne. Jami'a ce ke haɗa kuɗin darasi, da ɗakin kwana, da abinci, da littattafai, da kuɗin zirga-zirga, har da ɗan abin kashewa na sabulu da wanki. Wani ɓangare makaranta ake biya kai tsaye, wani kuwa ƙiyasi ne kawai na abin da yaro zai kashe da hannunsa. A ƙara da inshorar lafiya, wadda kusan kowace makaranta ke tilasta wa ɗalibin waje.

Daga wannan jimla suke cire abin da suka ga iyaye za su iya biya, ragowar ita ce buƙatar ɗalibi. A misali, in sun ce gidanku zai iya kawo dala dubu 6, buƙatarsa ta zama dubu 79. Duk rigimar tana kan wannan "za su iya" ɗin, don su ke yanke shi, ba ke ba.

'Yan ƙasar Amurka da masu takardar zama ta dindindin suna cike fom ɗin gwamnati mai suna FAFSA. Yaranmu da ke tafiya da bizar karatu ba su da rabo a kuɗin gwamnatin tarayyar Amurka, kada ki ɓata lokaci a kansa. Namu shi ne CSS Profile na hukumar College Board, ko wani fom da makarantar ta tsara da kanta. Kuma wallahi wannan fom ya fi surukar zamani bin diddigi. Albashi, ribar kasuwanci, ajiyar banki, filaye, gidan da kuke ciki, mutum nawa ke ci a tukunyarku, yara nawa ke makaranta da abin da ake biya musu. In iyaye sun rabu, makarantu da yawa sai sun nemi bayanin ɗaya ɓangaren ma.

A nan na yi tuntuɓe. Akwai gidan gado da mahaifinmu ya bari, mu tara ne a kansa, ba a raba ba, kuma mahaifiyarmu na ciki. Ni da tsoron kada a ce na ɓoye dukiya, sai na rubuta darajar gidan gaba ɗaya kamar nawa ne ni kaɗai. Da takardar tallafi ta fito, abin da suka ɗora mini ya ninka ƙarfina. Ga kuma faɗuwar naira: kuɗin shigar da suka duba na 2022 ne, lokacin dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, amma kafin watan Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,400. Albashina bai canza ba, sai dai a dala ya zama kashi ɗaya cikin uku. Na zauna na rubuta wa ofishin tallafin makarantar wasiƙa, na haɗa da takardar albashi ta kwanan nan, da bayanin banki, da takardar da ke nuna yawan magada. Na kuma bayyana musu cewa ina riƙe da 'ya'yan ƙanena marigayi su uku, abin da fom ɗin bai ba shi gurbi sosai ba, don tsarin gidan Amurkawa ba irin namu ba ne. Bayan kamar mako uku suka sake lissafi suka rage. Ba su yi fushi ba, ashe neman a sake duba lissafi abu ne da suka saba da shi, hujja kawai suke so.

Sai dai Hajiya, gano buƙata daban, biyanta daban. Makarantu da yawa za su yarda buƙatar yaro dubu 79 ce, su ba shi dubu 30, su bar ki da giɓin. Jami'o'in jihohi ma galibi ba sa ba 'yan waje tallafin buƙata, kuma farashin baƙo suke caje su. Sannan mafi yawan masu bayarwar suna duba yawan abin da yaro ke nema kafin su ɗauke shi. Kaɗan ne ba sa duba aljihu ko ga ɗan waje, kuma suke cike buƙata gaba ɗaya, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin. Shiga cikinsu kuwa sai an dage ƙwarai. Ni dai ra'ayina, kada yaro ya zuba duk fatansa a kansu.

Wasu na ba da shawarar a ce ba a buƙatar tallafi don a samu shiga, daga baya a nema. Kada ki yarda. Makarantu da dama ba sa karɓar buƙatar ɗan waje bayan an ɗauke shi, kuma kafin a ba shi takardar I-20 ta neman biza sai kin nuna kuɗin shekarar farko a zahiri. Aikin da zai yi a cikin makaranta ma awa 20 ne a mako lokacin karatu, na kashewa ne, ba ya biyan kuɗin makaranta.

In takardun tallafi suka fito, ki ware kyauta daga bashi da kuɗin aiki, ki ga nawa ya rage a kanki, ki kuma tambaya ko tallafin na shekara huɗu ne. Akwai ofishin EducationUSA a Abuja da Legas, suna ba da shawara kan cike waɗannan takardu. In kina so, ki turo mini sunayen makarantun da ya zaɓa ta akwatin sirri, mu duba tsarin kowacce tare. Allah ya ba shi sa'a.